Yadda Aku Ta Sayar da Shiru

Shari'ar farko da Aku ta sha kaye a cikinta a kan hannun gem aka yi ta, kuma alƙalin da ya kayar da ita uwar da ta haife ta ce.

Lokacin ba ta fi shekara tara ba. An kawo wa Yayanta na'urar wasan bidiyo, irin wadda ake jona wa talabijin, da hannu biyu: ɗaya nasa, ɗaya na wanda ya ga dama. Shi kuwa sai ya ga damar abokinsa na maƙwabta. Yarinya ta tsaya tsakiyar falo, hannu a ƙugu, ta shigar da ƙara.

"Mama, wai ni tsinto ni aka yi ne? Wannan da ko majinarsa bai gama sharewa ba shi za a ba hannu, ni 'yar gida ina zaune?"

"Mama, kar ki ba ta," in ji Yaya, idonsa a kan talabijin. "Da baki za ta buga. Yatsunta ba su san komai ba."

Mama tana guga, ba ta ko ɗago ba. Ta nuna kicin da haɓa.

"Kin ga butar can? Yanzu na ɗora ta. In kin kame bakinki har ta tafasa, hannu ya zama naki, shi ma Yayan sai ya roƙe ki."

Abin nema ya samu. Yarinya ta haye hannun kujera, ta damƙe leɓɓanta da yatsu. Kumatu suka kumbura, ido ya firfito. Ana cikin haka abokin Yaya ya samu ƙwallo, daga shi sai raga, ya ɗaga ta sama.

"Wayyo jama'a! Raga a buɗe kamar bakin mai hamma, bawan Allah ya aika wa tsuntsaye ƙwallo!"

Buta ko ɗumi ba ta yi ba. Mama ta yi dariya har ta kusa ƙona riga, aka rufe shari'a babu ɗaukaka ƙara. Ku riƙe butar nan a ranku, don za ta dawo, ranar da kujerar Aku a wani kamfani take lilo a kan wannan bakin dai.

Tun daga ranar hannun kujera ya zama ofishinta. Tunda an hana ta bugawa, to su ma ba za su buga cikin kwanciyar hankali ba. Duk kuskure sai ta raɗa masa suna, duk ci sai ta yi masa kirari. Yaya ne ya laƙaba mata Aku don ya ɓata mata rai, sunan ya bi ta ya zauna daram, har malaman makaranta suka manta na yanka.

Da ta tasa sai ta bi Yaya shagon gem da ke kwanar layinsu, wani ɗaki mai fanka ɗaya da benci uku da warin safa. Mai shagon ya so ya kore ta, sai ya lura in tana magana ba wanda ke tashi, har masu wucewa suna leƙowa ta taga. Ya sayo mata makirfo mai tari, ya ce ta ci gaba. Wani ya ɗauke ta a waya ya saka a intanet. Daga nan aka fara kiranta ƙananan gasa, daga ƙanana zuwa manya, irin waɗanda ake yi a babban zaure da fitilu masu juyawa, samari su zauna layi a kan dandamali suna danne-danne, dubban mutane suna kallo kai tsaye a wayoyinsu. Ta yi karatun kasuwanci a tsakanin haka, don Mama ta rantse ba za ta gaya wa dangi 'yarta surutu take sayarwa ba.

Masu ganinta daga nesa sun ɗauka zuba ce kawai, kamar kanyar da ba daɗi. Ba su san rabin maganar Aku tambaya ce ba. Ba ta iya ganin abu ta wuce. Mai kyamara, me ya sa kake tsayawa ta hagu? Mai haɗa waya, me ya sa wannan kake naɗe ta, waccan kake bari? Mai sayar da tikiti, su wa ke fara zuwa, su wa ke fara tafiya? Ma'aikatan zaure in sun hango ta sai su kama aikin da ba nasu ba. Amma ta haka ta san abin da ba a gani a allo, shi ya sa sharhinta yake da gishiri.

Sana'ar sharhi tana da doka biyu, kuma su biyun ba sa ga maciji. Ta farko: ana tsakiyar wasa, shiru mutuwa ne. Da ka yi numfashi mai tsawo furodusa, mai tafiyar da shirin, zai daka maka tsawa a kunne, "Cika! Cika!" Wannan dokar kam da ita aka haifi Aku. Ta biyun abokin sharhinta ne ya koya mata, wani dattijon saurayi da ake kira Ruwan Sanyi, wanda ko gobara ce zai ba da labarinta kamar yana karanta takardar magani. Ranar da suka fara sharhin wasan ƙarshe tare, da aka ci wasa ta buɗe baki za ta tsala ihu, sai ta ji an take mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta juyo da harara, ya ɗora yatsa a leɓe. Zaure ya kaure da sowa, yaron da ya ci ya kifa kai a kan tebur yana kuka, ita da Ruwan Sanyi ba wanda ya ce uffan.

"Yallaɓai, ƙafata ta yi maka laifi ne?" ta tambaya bayan an tashi.

"Duk wasan naki ne, ki yi ta zuba. Amma ɗan lokacin nan ba naki ba ne. Na yaron ne, da uwarsa da ke kallo."

"To in furodusa ya ce cika fa?"

"Ai ya cika. Ba ki ji ba?"

Ta ji. Ta koyi dokar, amma da ƙafa ta koye ta, don sai da babban yatsanta ya yi kanta.

Tambaya ce kuma ta raba ta da makirfo. Ta lura 'yan wasa, da wasa ya yi nisa, sai su ture hedifon daga kunne ɗaya, kuma da an tashi sai su fizge shi su yar kamar ya cije su. Ta bi su bayan dandamali da me-ya-sa. Suka ce matashin da ke rufe kunnen na roba ne, zufa yake tarawa, kunne ya dahu. Washegari kuwa ta faɗa a sharhi, duniya na ji: "Ga gwaninmu ya buɗe wa kunnen hagu taga, na dama ya ci gaba da dahuwa."

Mai kamfanin da ke ƙera hedifon ɗin ya aika a kira ta don ya wanke ta tas. Oga ake ce masa, gajeren mutum mai ƙaton agogo, wanda ya fara da tallar wayar caji a kan tebur har ya kai ga bene. Yana son sunan kamfaninsa kamar ɗan fari. Ya buga shi a kofuna, a labule, har a silifas ɗin banɗaki. A ofishinsa akwai butar lantarki a gefen tebur, don bai yarda da shayin kowa ba. Ya fara faɗa, Aku ta ce a gafarce ta, amma wa ya zaɓi robar? An taɓa sa wa wani ya zauna da ita yini guda? Su wa ke saye, 'yan wasan ko iyayensu? In ya lalace ina ake kaiwa? Oga ya nemi faɗansa ya rasa inda ya ajiye shi. Aka canja matashin ya koma na yadi. Ba a daɗe ba ya ce ta zo ta riƙe masa sashen talla da martabar kamfani gaba ɗaya, wato duk abin da jama'a za su gani ko su ji game da sunan nan, ita ce mai shi.

"Amma gwaji ne," in ji shi. "Zuwa wasan ƙarshe na bana. In na ga aiki, kujera taki ce. In ban gani ba, ƙofa ba ta da nisa."

Ta miƙa makirfonta ga wata sabuwar yarinya, kuma a sana'ar nan kujerar da ka tashi a kai ba ta jiranka. Mama ta zagaye dangi kaf tana sanar da su 'yarta yanzu tana da ofis mai ƙofa. Yaya ya ce, "Wato dai surutun ne, amma da takalmi mai tsini." Komawa baya babu.

To, hali zanen dutse. Aikinta na farko shi ne ta zauna da mai shirya babbar gasar, su daidaita inda za a sa sunan kamfani. Dattijo ne mai furfura, ya karɓe ta a wani ɗaki mai dogon tebur. Ta jero buƙatunta tsaf: suna a ƙofar zaure, suna a rigunan 'yan wasa, suna a jikin kofi, hedifon a kan kowane ɗan wasa, sannan mai sharhi ya ambaci kamfani daidai lokacin da aka ci wasa. Ta gama. Dattijo ya dube ta, ya motsa baki, bai ce komai ba.

Shiru ya sauka a ɗakin. A cikin kan Aku wani furodusa da ba ya nan ya fara ihu: cika, cika!

"Ko da yake ƙofar zaure ba dole ba ce," ta ji bakinta yana faɗa.

Dattijo ya sake motsa baki.

"Rigunan ma, in akwai wasu a kai, ba za mu yi rigima ba."

Shiru.

"Kofin kuwa, ai kofi kofi ne."

Sai a nan ya gyaɗa kai ya miƙo mata hannu. Ta fito da hedifon da ambato ɗaya tak, sauran duk ta zubar da bakinta, ba wanda ya roƙe ta. A bakin lif ɗin sauka daga bene, da yake ba ta iya barin abu, ta tambayi sakatariyarsa ko haka yake wa kowa wannan dabara.

"Wace dabara? Haƙoran roba aka sa masa shekaranjiya. In ya yi magana zamewa suke."

Baki shi ke yanka wuya, amma ba kullum ake samun wanda haƙoran wani suka yanka wa ba. Oga da ya ji sai da ya cire agogonsa ya ajiye.

"Ambato ɗaya! To wannan ɗayan, ina so a kwarara shi har na cikin kabari su ji. Da an ci wasa, sunana. Kin ji ko?"

Ta ce ta ji. Amma babban yatsan ƙafarta ya fara mata zogi.

Maimakon ta zauna a ofis mai ƙofa, sai ta shiga gari da tambaya. Ta zauna a shagon aski, ta tsaya a tashar mota, ta koma tsohon shagon gem na kwanar layi, inda fankar nan ɗaya take nan tana fama. Abu guda take son sani: bayan wasan ƙarshe, wane guntun bidiyo mutane ke tura wa juna? Suka nuna mata. Na bara, inda mai sharhi ya kwarara sunan wani kamfanin lemo daidai lokacin cin wasa, duk wanda ya tura sai ya yanke wurin, ko ya ɗora kiɗa a kai. Sunan lemon ma ya zama abin tsokana, in wani ya yi tuntuɓe a titi shi yara ke kira.

"Me ya sa kuka yanke?" ta tambayi wani mai aski.

"Hajiya, mutum na kukan daɗi a tura masa talla a baki? Ai kamar ana ɗaura maka aure ne wani ya miƙe yana tallar maganin basir."

Waɗanda ba a yanke ba, waɗanda aka yi ta turawa shekara da shekaru, su ne masu sowar zaure zalla.

Ta je ta yi wa Oga bayani. Sai dai ta yi shi irin nata: ta faro daga mai aski, ta biya ta kamfanin lemo, ta dawo kan zufar kunne, ta ratsa ta ƙafarta. Oga yana duba waya yana cewa, "To, to, madalla," irin ta mutumin da ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba. Ta san bai ji ba. Ta kuma san in ta maimaita a taƙaice zai ce a'a. Ta tattara "madalla" ɗinta ta fita da ita.

Ranar wasan ƙarshe ta sami Ruwan Sanyi a ɗakin sharhi yana gyara makirfo.

"An ba ni layin da zan karanta in an ci," in ji shi, fuska ba yabo ba fallasa.

"Ni na ba da shi, ni na janye."

"Kin san abin da kike yi? Kujerarki ce fa."

"Yallaɓai, kai ka lalata min ƙafa. Yanzu kuma za ka ce a banza?"

Ya dube ta, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ta wuce wurin mai kyamara, ta roƙe shi alfarma ɗaya: in an ci, kar ya koma kan allo, ya tsaya a kan fuskar yaron da ya ci. Abin da Aku ba ta sani ba, kuma yake cin ranta, shi ne abin da yaron zai yi da hedifon. In ya fizge ya yar kamar yadda suka saba, shi ke nan, ba suna a baki, ba suna a hoto, sai ta nemi kwalin kwashe kayanta.

Wasa ya yi zafi har zaure ya miƙe tsaye. Wani siririn saurayi da ake kira Tsinke, wanda ba a taɓa kawo shi a lissafi ba, ya zura ƙwallon ƙarshe. Ɗakin sharhi ya yi tsit. Zaure ya fashe. Tsinke ya miƙe, ya dafe kai da hannu biyu, Aku ta runtse ido ɗaya. Bai cire ba. Ya manta ma da abu a kansa. Ya diro daga dandamali, ya ratsa mutane ya faɗa jikin wata mata mai tsohon mayafi, ita tana kuka shi yana kuka, tana shafa kansa har da hedifon ɗin. Da shi ya koma, da shi ya ɗaga kofi, tambarin kamfani zaune a kan kunnensa kamar an haife shi da shi.

Washegari da safe aka ce Oga na kira. Ta tarar da shi da Manajan Ciniki, wani mai dogon wuya da ya daɗe yana auna kujerarta da ido. Oga ya cika butarsa ya danna.

"Abu ɗaya ya rage mana. Ɗaya! Na tara iyalina gaban talabijin, har da surukata, na ce su saurara. Muka saurara. Me muka ji? Ihun mutane! Na ɗauke ki don bakinki, kin zo kina sayar min da shiru?"

Ya harɗe hannu ya kafe ta da ido, ya yi gum. Ai labarin dattijo mai haƙora ya zaga kamfanin, kowa ya san lagonta: yi mata shiru, za ta tuɓe maka har takalmi. Jira yake ta fara ba da haƙuri, daga haƙuri ta kai kanta ƙofa.

Buta ta fara 'yar ƙara. Maganganu suka yi layi a maƙogwaron Aku suna turereniya. Furodusan cikin kanta har ya dushe. A zuciyarta sharhi take zubawa: ga Manaja ya gyara wuya, ga Oga ya kai hannu ga agogo, jama'a wa zai fara ƙiftawa? Ta ɗora dunduniyar takalmi mai tsinin nan a kan babban yatsanta, ta danna. Buta ta yi gurnani, ta yi tururi, ta tafasa, ta kashe kanta da kanta, ƙas. Aku ba ta ce uffan ba. Da Mama na wurin da ta nemi kujera ta zauna.

Wanda shirun ya kayar Manaja ne. Ya yi gyaran murya, ya ce shi dai gaskiya, ba don yana goyon bayan kowa ba, tun da sassafe masu shaguna ke kiransa. Wai mutane na zuwa da bidiyon a waya suna cewa a ba su irin na kan yaron nan, wanda ake mantawa da shi a kai. Ya miƙa wa Oga wayarsa. Oga ya kalla, ya sake kalla, ya ga ba wanda ya yanke ko daƙiƙa, ba wanda ya ɗora kiɗa. Gani ya kori ji, amma Oga ba ya cikin masu sauka daga doki a gaban mutane.

"Na gani," in ji shi, yana zuba ruwan zafi. "Amma ba a faɗi suna ba. Ni a tebur na fara, da maƙogwaro na tara abin da na tara. Abin da ba a kira sunansa ba, babu shi."

A nan ne Aku ta ɗage ƙafa daga kan yatsanta. Abin da ta faɗa bai kai tsawon atishawa ba, ita da ke iya cika yini. Shi ne ya sa Oga ya ɗauko kofi na biyu ya tura gabanta, shi ne kuma ya sa har yau ƙofar ofishin nan ita ke buɗe ta, ita ke rufewa.

"Ranka ya daɗe, tun da muka shigo ɗakin nan ba wanda ya kira sunanka. A cikinmu akwai wanda bai san mai kamfanin ba?"